Kunnen da Goggo Ta Ara

Ni na yi ƙarya. Goggo ba ta kashe kowa ba. Da wannan za ni fara, domin na san halina: in na ajiye shi sai ƙarshe, za ni yi ta kewaye har in sami ƙofar da za ni fita ban faɗa ba. Shekara da shekaru danginmu suna cewa ruwan sanyi ne ya kashe kakana, kuma 'yarsa ce ta ɗora masa da hannunta. Ni kaɗai na san ba haka aka yi ba, na kuma riƙe bakina har furfura ta cika mini gemu.

Abin da ya tono maganar ƙaramin abu ne. Bazarar da ta wuce ina zaune a rumfata cikin kasuwar Isa, inda nake sayar da buhuna da igiya. Na daɗe ina fama da ciki, abinci ba ya mini daɗi, in na ci sai ya tsaya mini a ƙirji. Ran nan rana ta buɗe har kwanon rumfa yana ƙara. Na sayi ruwan leda mai sanyi, maimakon in fasa in sha sai na ɗaga riga na manna shi a cikina, don kawai in ji sanyi. Jim kaɗan cikin ya yi wani dogon ƙugi, kamar ana tuttule tulu. Maƙwabcina mai takalma ya juyo yana dariya ya ce, "Malam, kwaɗo ka haɗiye?" Na cire ledar daga jikina. Na san wannan ƙugin, amma ba a cikina na fara jin sa ba.

Ƙauyenmu yana tsakanin Isa da Sabon Birni, kusa da gulbi. Kakana farke ne a zamaninsa. Ya yi shekaru yana kora jakuna zuwa ƙasar Nijar, wadda shi har ya mutu Faranshi yake ce mata, ya kai gero da taba, ya dawo da kanwa da dabino. Na tashi na same shi ya riga ya jingine sandar tafiya. Dogo ne, zanen Gobir ya nutse cikin tamojin fuskarsa, kuma bakinsa ba ya hutawa da tsokana. Abokin gaba yake kirana, wai tun da aka haife ni kakata ta daina kula shi har ta koma ga Allah. Tsufa bai taɓa masa ido ba, bai taɓa ƙafa ba, ciki ya kama. Sai a ajiye masa akushi ya buɗe, ya duba, ya mayar ya rufe. In an matsa masa ya ce, "Cikin ya yi kwana. Ku bar shi, ya yi tahiya da yawa."

Mai kula da shi Goggo ce, yayar mahaifina. Mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya tana aure a Turba, sai ta dawo gidan ubanta. Tun tana budurwa sanƙarau ya tafi da yawancin jinta. In za ka yi mata magana sai ka matsa wajen kunnen hagu ka ɗaga murya, ko kuwa ka tsaya gabanta ta dubi bakinka. Mutane sun gaji da maimaita mata magana, ita ma ta gaji da cewa "Na'am?", don haka ta koma aiki kawai. Ban taɓa ganin hannunta a zaune ba.

Ban san inda ta koyo dabarar ɗora wa ciki jiƙaƙƙen tsumma ba. Wasu sun ce a gidan mijinta ta gani, Kaka kuwa cewa yake shi ya gano shi a Faranshi. Akwai wata 'yar randa da ta binne har wuya cikin yashi a gindin bishiyar bedi, ta rufe ta da jiƙaƙƙen buhu. Ba mai shan ruwan wannan randar. Ko a tsakiyar bazara, in ka sa hannu ciki sai ka ji sanyin har gwiwar hannu. Bayan la'asar, kafin abincin yamma, sai ta shimfiɗa wa Kaka tabarma ya kwanta rigingine. Ta tsoma wani tsohon ƙyallen saƙi, ta matse har ya daina ɗiga, ta ninka shi, ta shimfiɗa masa daga ƙahon zuci zuwa cibiya. Kullum sai ya zabura kamar ranar ya fara ji.

"Wash! Ɗiyar ga, gado kika so?"

Ba ta ji, amma ta san abin da ya ce, sai ta yi murmushi. Da zarar tsumman ya ɗauki ɗumin jikinsa sai ta cire, ta goge wurin da busasshen zane har fatar ta yi ɗumi, ta rufe shi. Tana da dokokinta da ba ta karyawa. Ba ta sawa bayan an ci abinci, ta ce abincin zai zauna kamar dutse. Ba ta sawa in yana zazzaɓi ko gudawa. Ba ta barin tsumma ya bushe a jiki. Na taɓa tsayawa gabanta na tambaye ta amfaninsa, ta ce, "Cikin tsoho kamar jakin da ya kwanta bisa hanya na. In ka doke shi ba shi tashi. Ɗan ruwa za ka watsa mai, ya zabura, sannan ka lallaɓa shi."

Ku da kuka tashi a wajenmu kun san yadda muke tsoron sanyi. Mai jego ruwan zafi, tsoho bakin murhu, ko gwiwa ce ta yi ciwo sai a ce sanyi ya shiga. Saboda haka matan gidan ba su taɓa yarda da tsumman Goggo ba. Mahaifiyata takan wuce da tsintsiya tana cewa, "Tsoho da ruwan randa, Allah ya kyauta," tana faɗa ne ta bayan Goggo. Abin da ya rufe bakin kowa shi ne Kaka yana cin abinci.

Sai dai akwai abu ɗaya da Goggo ba ta iya yi da kanta. Ba ta kawo abinci sai ta tabbata cikin ya farka, farkawar kuwa da kunne ake gane ta. A nan na shigo. Takan yafuto ni ta ce, "Zo ara mini kunnenka." Sai in durƙusa in kwantar da kaina a kan cikin Kaka. Har yau ina tuna sanyin fatar a kumatuna, da warin taba da na jiƙaƙƙen saƙi. Da farko ba ka jin komai sai bugun zuciya can nesa. Sannan a hankali wani abu ya motsa, ƙulu, ƙulu, kamar ruwa yana neman hanya a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan sai dogon ƙugi. In na ji sai in ɗago in kwarma, "Ya yi magana!" Goggo ta juya ta ɗauko ƙwaryar fura.

"Abokin gaba, mi yac ce?" in ji Kaka.

"Ya ce a ba ni rabin hurar."

"Maƙaryacin wofi. Cikina ya san Madawa, ya san Maraɗi, kai bai san ka ba."

Amma kullum sai ya rage mini.

Mahaifina ya gaji fatauci, sai dai shi da mota yake bi, yakan yi kwanaki ba ya gida. Ya so ya kai Kaka asibiti, Kaka ya ƙi, ya ce shi ba rago ba ne da za a kwantar a tsaga. Sun daɗe suna ja, daga ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya, a gabana aka yi ta. Muddin ciki yana amsa tsumma kuma abinci yana shiga, za a ƙyale tsoho a ɗakinsa. Ranar da aka sa tsumma ciki ya yi shiru, a ranar za a aika a kira mahaifina ko yana ina, Kaka kuma ba zai yi gardama ba. Mahaifina ya tsaya gaban Goggo ya maimaita mata da ƙarfi, "Yaya, kin jiya? Ran da yay yi shiru." Ta ce ta ji. Ba wanda ya dube ni, alhali duk alkawarin a kunnena aka rataye shi.

Shekarar da abin ya faru damina ta yi jinkiri. Gulbi ya ƙafe sai 'yan kududdufai, fadama ta tsattsage, yara suka gano gaiwa, kifin nan da ke kwanciya cikin busasshiyar laka. In rana ta yi sanyi sai sa'o'ina su saɓa fartanya su nufi fadama haƙa. Ta bayan dangarmu suke bi suna yi mini fito, daidai lokacin da Goggo ke matse tsumma. Kafin in gama jiran cikin Kaka sun haƙe wuraren kirki. Na dawo hannu wofi ba sau ɗaya ba, har suka sa mini suna likitan tumbi.

Wata rana na ɗora kunne ban ji komai ba. Fatar ta yi tauri, ba kamar yadda na saba ba. Na jira. Bugun zuciya kawai nake ji. A waje ana ta fito. Goggo tana tsaye ta zuba wa bakina ido. Na ɗago na dubi Kaka, sai na ga ya runtse ido ɗaya. Na juya na kwarma, "Ya yi magana!"

Wannan runtse idon na daɗe ina fakewa da shi. Nakan ce wa kaina ai Kaka ne ya ƙifta mini, ba ya son asibiti, umurninsa na bi. Mai yiwuwa haka ne. Mai yiwuwa kuma ciwo ne ya murɗa masa fuska. Ban sani ba, kuma ko ƙiftawar ce, ba don shi na yi ba. Don gaiwa na yi. Abin da na tabbata shi ne ran nan bai tambaye ni me cikin ya ce ba. Ya kurɓi fura kaɗan ya miƙo mini ƙwaryar kusan cike, na shanye a tsaye na ruga.

Washegari ma shiru. Bayan nan ko jira na daina yi, in ɗora kai in ɗago in yi shela. Wani lokaci nakan ji wata 'yar siririyar ƙara, kamar ɗigon ruwa cikin gwangwanin da ba komai, sai in ce ai wannan ma magana ce. Goggo ta fara tarar da amai a bayan ɗakin Kaka da safe, ya ture yashi da ƙafa ya rufe. Ta damu. Ta kama kafaɗuna ta juyo da ni ta ce, "Ɗana, ka tabbata ka jiya?" Na ce na ji. Ta sake ni tana cewa, "To tun da shina magana, zahin gari na." Ta ƙara wa randa ruwa, ta sake jiƙa buhu. Ba ta aika ba.

Da mahaifina ya dawo ya ɗaga rigar Kaka, salati ya yi. Cikin ya kumbura yana sheƙi. Aka nemo mota aka kai shi Isa, can suka ce hanji ne ya toshe tuntuni, ya fi ƙarfinsu, a wuce Sakkwato. Malamin asibitin ya tambayi mahaifina me ya sa sai yanzu. A kan hanya Kaka ya cika.

Wurin zaman makoki ba wanda ya yi maganar hanji. Mata suka ce dama, wa ya taɓa ganin an yi wa tsoho wanka da ruwan randa a ciki, sanyi ne ya daskarar masa da kayan ciki. Mahaifina bai biye musu ba, shi alkawari ne ya tsaya masa. Da baƙi suka ragu ya kira Goggo bayan rumbu, ya sa aka kira ni.

"Yaya, ba mun yi magana ba? Don mi ba ki aiko ba?"

"Kullum shina magana," in ji ta. "Ga ɗanka nan, tambaye shi. Shi ka ji." Ta ɗora hannunta a kaina.

Mahaifina ya dube ni. Idanunsa sun yi ja, ban taɓa ganinsa haka ba. Ya ce, "Kai, gaskiya na?"

Na sunkuyar da kai yadda ba za ta ga bakina ba, na yi ƙasa da murya na ce, "Na hwaɗa mata ya bar magana. Ba ta jiya ba."

Goggo ba ta ji abin da na ce ba. Ta ɗauka shaida na ba ta. Ta shafa kaina ta ce wa ƙanenta, "To ka ji ko?" Mahaifina ya daɗe yana kallonta, sannan ya juya ya tafi.

Ƙaryar farko ta yaro ce mai son wasa. Ta biyun nan na san abin da nake yi. Na san inda rauninta yake, na kuma nufe shi.

Ba wanda ya taɓa gaya mata abin da na faɗa. Amma kurma ya fi kowa karanta fuska. Ta ga an daina miƙa mata jarirai, ta ga an tone randar an mayar da ita wajen alwala, ta ga ƙanenta yana gaishe ta yana duban bango. Bayan an yi sadakar arba'in ta ɗaure kayanta ta koma Turba wurin 'yarta. Mahaifina bai yanke mata komai ba, kowace kaka yana aika mata gero, amma bai sake zama tabarma ɗaya da ita ba har ya rasu. Shi ma na cuce shi, domin na raba shi da yayarsa a kan abin da ba ta yi ba, kuma shi ba ni da inda za ni same shi yanzu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ita ba ta sauya mini ba. Duk bikin da muka haɗu, tana hango ni sai ta ɗaga murya irin ta waɗanda ba su jin kansu, "Ga kunnena! Zo nan, kunnena!" Ta kwance bakin zane ta ba ni ƙuli-ƙuli, ko da na yi aure na haihu. Sai na fara guje wa bukukuwan da na san za ta zo. In ana hira wani ya kawo zancen tsumman da ya kashe tsoho, nakan girgiza kai tare da kowa. Na hana a sa wa 'ya'yana ruwan sanyi a jiki ko da zafi zai kashe su, matata tana ganin tsananin kula ne. Na yi sallah, na yi azumi, na yi istigfari ba adadi, amma na san haƙƙin mutum ba a nan ake biyansa ba. Ɗaukar abin ya gajiyar da ni fiye da duk wani kaya da na taɓa ɗauka.

Bayan abin da ya faru a rumfa, na tambayi wani malamin asibiti da yake sayen igiyar ɗaurin tumaki a wurina. Ban gaya masa dalili ba. Ya ce sanyi a fatar ciki yakan sa cikin wasu ya motsa na ɗan lokaci, wasu kuma ya murɗa musu, ba magani ba ne, ba kuma ya toshe hanji. Ya ƙara da cewa cikin da ya kumbura ya yi shiru ba tsumma yake so ba, asibiti yake so a ranar. Abin da mahaifina ya faɗa ke nan, abin da Goggo ta yarda da shi, abin da ta tsaya tana jira daga bakina.

Yanzu ƙauyenmu ba kowa. Tun da daji ya lalace aka watse, wasu Isa, wasu Sabon Birni, wasu sun ƙetara Nijar. Ba mai binne randa, ruwan sanyi a firji yake, yara na yawo da shi cikin bokiti. Waɗanda suka zargi Goggo yawancinsu suna ƙasa, matasa kuwa sun gaji zancen ne kawai, ba su san tsohon ba, ba su san tsumman ba, amma sun san akwai wata tsohuwa a dangi da aka ce ta yi ganganci da ubanta. Ita ma jikanta ya ɗauko ta daga Turba ya kawo ta Isa. Gidan da suke haya ba shi da nisa da kasuwa. Na daɗe ina sauya hanya don kada in bi ta ƙofar.

Da na yanke shawara, sai na tsara yadda za ni yi. Na ce za ni same ta ita kaɗai, in zauna kusa, in faɗa a hankali, in taso. Na rufe rumfa da la'asar na tafi.

Gidan cike yake da mutanen ƙauyuka, kowane ɗaki da iyalinsa. Mata na daka, wasu na wanki, yara na tsalle a kan buhunan kaya, wasu dattawa biyu na zaune bakin zaure, ɗayansu ma ɗan garinmu ne. Goggo tana kan tabarma a tsakar gida, ta ƙanƙance, idanun sun yi fari. Matar jikanta ta kawo mini ruwa ta ce, "Baba, yanzu ko bakin mutum ba ta gani. Sai ka yi kuwwa sosai, ga kunnen hagu." Na tambaya ko za a shigar da ita ɗaki, ta ce ɗakin kamar tanda yake, tsohuwa ba ta yarda.

Na durƙusa na kama hannunta. Na matsa bakina kusa da kunnenta na faɗa a hankali, yadda na tsara.

"Wa na?" in ji ta da ƙarfi. "Iska nika ji kawai. In magana gare ka, ɗaga murya, bawan Allah."

Na ƙara kaɗan. Ta girgiza kai. Na waiwaya, na ga taɓare sun tsaya, dattawan nan sun juyo, yara sun yi cirko-cirko. Ƙofa tana nan a buɗe, ba wanda zai riƙe ni in na miƙe na ce gaisuwa na zo. Na dubi hannun da ke cikin nawa. Na cire hula na ajiye a ƙasa, na ja numfashi, na buɗe murya iya ƙarfina, yadda na bayan katanga ma za su ji:

"Goggo! Ni na, ɗan ƙanenki! Cikin Kaka bai yi magana ba! Shiru yay yi, kwana da kwanaki, ni kuwa na ce miki ya yi, don in tahi haƙar gaiwa! Da Baba yat tambaye ni bayan rumbu, na ce mai na hwaɗa miki ba ki jiya ba! Ban hwaɗa miki ba, Goggo! Ba ruwan randarki yak kashe shi ba, ba kunnenki na ba, bakina na! Na bari an zarge ki duk shekarun ga ina kallo! Ki yahe mini, Goggo! Don girman Allah ki yahe mini!"